Babi na Biyar: Baƙin da Suka Riga Mai Gida Shiga Ruwa

A jihohin Amurka da sanyi ke yi wa kamun kazar kuku, kwamin ninkaya na bayan gida yana da ranar rufewa, yana kuma da ranar buɗewa. Ana rufe shi bayan Litinin ta farko a watan Satumba, ranar hutun ma'aikata: a kashe injin tace ruwa, a shimfiɗa tamfol a kai, a daddanne gefuna. Ba a sake buɗe shi sai Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a fagen fama, wadda a al'adar ƙasar ita ce ke buɗe lokacin zafi. Kusan wata tara ke nan ruwa yana kwance ba mai taɓa shi. Irin waɗannan kwamaye kuwa sun kai kimanin miliyan goma a gidajen ƙasar.

To, a tsakiyar watan Mayu sai mai gida ya fito da dogon buroshi da ragar kwashe ganye, da niyyar ya gyara wa yara wurin wanka. Tamfol ɗin ya lotsa a tsakiya, ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara sun taru a kai, zurfin bai wuce taƙi ɗaya ba. Ganyayen da suka zubo tun kaka sun ruɓe a ciki, gansakuka ta mayar da ruwan kore. Yana sunkuyawa sai ya ga ruwan yana motsi. Wasu 'yan baƙaƙen halittu ne, kai da wutsiya kawai, ɗaruruwa, sun yi dafifi a gefen da rana ke bugawa, suna kankare gansakukar da ke jikin tamfol. Inuwarsa na faɗawa a kansu sai su watse, su nutse cikin ruɓaɓɓen ganye, jim kaɗan su sake tasowa. 'Ya'yan kwaɗi ne. Yara su yi ta murna, uwar gida ta yamutsa fuska, mai gida kuma ya tsaya riƙe da buroshi yana lissafin kwanakin da suka rage kafin ranar buɗewa.

A gabashin Amurka, masu wannan aiki galibi kwaɗi iri biyu ne. Na farko ɗan ƙaramin kwaɗon bishiya ne mai ruwan toka, tsawonsa bai fi santimita biyar ba. A kan yatsunsa akwai wasu faifai masu danƙo da yake manne wa bango da su, saboda haka katanga ba ta tare shi, haka ma kwamin roba mai tsayi da ake girkewa a kan ƙasa. Macen takan zuba ƙwai dubu ɗaya zuwa dubu biyu, amma ba a wuri guda ba: 'yan dunƙule-dunƙule take bari suna yawo a saman ruwa, kowane da ƙwai goma zuwa arba'in. Cikin mako guda sun ƙyanƙyashe. Na biyu shi ne kwaɗon tudu mai kaushin fata, wanda namijinsa kan ja kuka ɗaya mai karkarwa har daƙiƙa talatin bai yanke ba. Ita macen wannan, ƙwanta a jere yake fitowa cikin dogayen igiyoyi biyu na yauƙi, baƙi-baƙi kamar 'ya'yan carbi, kuma yakan kai dubu huɗu zuwa dubu takwas. Wanda ya san wannan bambanci, kallon ƙwan kawai zai yi ya faɗi wanda ya kwana a gidan.

Tambayar da mai gida kan yi ita ce, duk ruwan da ke garin, me ya sa sai nawa? Amsar ta fito fili a wani bincike da William Resetarits da Henry Wilbur suka wallafa a 1989. Sun jera ƙananan kwamaye a waje, suka sa kifi a wasu, suka sa wasu halittu a wasu, wasu kuma suka bar su ruwa zalla, sannan suka bar kwaɗin bishiya su zaɓa da kansu. Matan suka riƙa ƙaurace wa ruwan da ke da kifi. Suka kuma guje wa ruwan da 'ya'yan 'yan uwansu suka riga suka cika. Ashe kwaɗo ba ya zuba ƙwai inda ya ga dama kawai, yana tantancewa. Abin da yake nema shi ne ruwa kwantacce, marar zurfi, wanda rana ke ɗumamawa da wuri, mai gansakukar da 'ya'ya za su ci, kuma uwa uba marar kifi. A daji, ruwan da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne kududdufin da kan cika da narkewar ƙanƙara ya ƙafe da zafi, don kifi ba ya iya zama a ruwan da ke ƙafewa duk shekara. Irin waɗannan kududdufai su ne aka fara cikewa da ƙasa lokacin da aka yanka filaye aka gina unguwannin bayan gari. Sai ga shi a daidai wurin an haƙa rami an zuba ruwa, an kashe inji, an tafi an bar shi wata da watanni. Da ma'aunin da kwaɗo ke aunawa, babu kududdufin da ya fi wannan kyau. Bai yi kuskure a lissafinsa ba, abin da bai sani ba kawai shi ne ruwan yana da mai shi.

Matsalar farko ita ce bango. Kududdufin daji gefensa a kwance yake, a shiga a fita yadda aka so. Kwamin ninkaya kuwa bangonsa a tsaye yake, da santsi, ga kuma leɓe da ya fito a sama. Kwaɗon bishiya yana iya hawa, amma na tudu ba shi da wannan baiwa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba. Haka zai yi ta zagaya bango dare guda, yana neman wurin kamawa, har ƙarfinsa ya ƙare ko ruwa ya ja shi cikin akwatin da ke tace shara. Ba kwaɗi kaɗai ba, har ɓeraye da ƙananan kunkuru da 'ya'yan agwagwa. Wani masanin namun daji a jihar Maryland mai suna Rich Mason, da abokansa suka kawo masa kukan yawan gawar kwaɗi da suke tsinta kowace safiya, sai ya ƙera wata 'yar katifa mai yawo a kan ruwa, da ɗan tsani na raga da ya hau har gefen kwami. Ita ce ake sayarwa yau da sunan FrogLog. Dabarar ba ta wuce sanin cewa dabbar da ta faɗa ruwa bango take bi ba, saboda haka duk abin da aka rataye a bango sai ta ci karo da shi.

Matsala ta biyu ita ce kulorin. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, ta fata kuma yake ɗaukar wani kaso na iskar da yake shaƙa. Duk abin da ke cikin ruwa, yana cikin jikinsa ke nan. Kulorin da ake sa wa kwami ɗan kaɗan ne, kashi ɗaya zuwa uku cikin miliyan, mutum ba ya jin komai sai ɗan wari da jan ido. Babban kwaɗo yana iya jure shi na ɗan lokaci. Ƙwai da 'ya'ya ba sa jurewa. A ranar buɗewa kuwa ba wannan ɗan ƙima ake zubawa ba, ninki-ninki ake antayawa don a kashe gansakuka gaba ɗaya. Washegari ruwa ya yi garau, kuma babu sauran mai motsi a ciki.

Kafin a yanke hukunci a kan waɗannan baƙi, ya kamata a san abin da ke gudana a jikinsu, don yana cikin manyan abubuwan al'ajabi da idon mutum zai iya gani ba tare da na'ura ba. Ɗan kwaɗo a farkon rayuwarsa ya fi kusa da kifi. Ba shi da huhu mai aiki, daga ruwa yake tace iska. Bakinsa ɗan ƙarami ne, kewaye da jerin haƙora na ƙaho da yake kankara da su. Cikinsa kusan duk hanji ne, dogo, a nannaɗe, irin na mai cin ganye. In aka ɗebo shi a kofin gilashi aka duba ta ƙasa, ana iya hango naɗin hanjin ta cikin fata. Bayan 'yan makonni sai wasu 'yan tsiro biyu su ɓullo a gindin wutsiya, su ne ƙafafun baya. Na gaba su ma suna girma a lokacin, amma a ɓoye ƙarƙashin fata, sai rana ɗaya su ɓarko waje da yatsunsu cikakku. Daga nan komai sai ya kankama. Haƙoran ƙahon su zube, baki ya wage har kusa da kunne, harshe ya fito, idanu su taso sama. Hanji ya gajarce ya koma na mai cin ƙwari. A 'yan kwanakin nan ɗan kwaɗon ba ya cin komai, don bakin da hanjin duk ana cikin sake ginin su. Da wutsiyarsa yake rayuwa. Mutane da yawa suna zaton wutsiyar guntulewa take yi ta faɗi, alhali narkewa take yi daga ciki, jiki ya shanye ta ta zama abinci. Wani masani mai suna Kenneth Gosner ya kasa wannan tafiya, daga ƙwai zuwa cikakken kwaɗo, zuwa matakai 46 a 1960, kuma da lissafinsa masu bincike ke amfani har gobe.

Mai ba da umarnin wannan sauyi duka wata 'yar halitta ce a maƙogwaro, tayirod, wadda idan ta kumbura a wuyan mutum muke cewa ya yi maƙoƙo. A 1912, a birnin Prague, J. F. Gudernatsch ya riƙa ciyar da 'ya'yan kwaɗi da naman sassa daban-daban na jikin dabbobi. Waɗanda ya ba tayirod ɗin doki sai suka daina girma, suka rikiɗe tun lokaci bai yi ba, suka zama kwaɗi 'yan mitsi-mitsi. Bayan shekara huɗu, Bennet Allen a Amurka ya juya gwajin: ya cire wa wasu tayirod ɗinsu, sai suka yi ta girma a matsayin 'ya'ya, ba su taɓa zama kwaɗi ba. Sinadarin da tayirod ke fitarwa kuwa da aidin ake haɗa shi, wato aidin ɗin nan da ake sa wa gishirin girki. Sinadari ɗaya ne ke cewa ƙafa ta tsiro, shi ne kuma ke cewa wutsiya ta narke, kowane sashe na jiki da irin yadda yake jin saƙon.

Tsawon lokacin da abin ke ɗauka ya danganta da irin kwaɗon da kuma irin ruwan da kakanninsa suka saba da shi. Wani kwaɗon hamadar Arizona, da yake ruwansa ba ya kwana da yawa a ƙasa, yana iya gamawa cikin kwana tara ko goma. Ƙaton kwaɗon tafkin Amurka kuwa, a jihohin arewa, sai ya shekara biyu ko uku yana ɗa. Baƙin kwamin bayan gida suna tsakiya: mako shida zuwa tara. A nan ne kalandar kwaɗo da ta mai gida suke karo. Ƙwan da aka zuba a ƙarshen Afrilu ba zai zama kwaɗo ba sai tsakiyar Yuni, shi kuwa mai gida ya yi wa yara alƙawarin ƙarshen Mayu.

A ganina rigimar ba ta kai yadda ake ɗaukarta ba, mako biyu ne ko uku tsakani. Wanda zai iya jira, ya jira, ya jingina katako ko ya sa guntun itace a ruwan, don ɗan kwaɗon da ƙafafunsa huɗu suka fito in bai samu wurin hawa ba nutsewa yake yi ya mutu, duk da a ruwan aka haife shi. Wanda ba zai iya jira ba, ya kwashe su da raga ya zuba a babbar roba, da ruwan da ya same su a ciki, ya ajiye inda rana ba ta bugawa yini guda. Dafaffen latas ya ishe su abinci. Ruwan famfo ba ya yi sai an bar kulorin ɗinsa ya fita ko an sa masa maganin da masu kiwon kifi ke sawa. Abin da masana suka fi hanawa shi ne wanda zuciya ta fi raya wa mai tausayi, wato a cika bokiti a sa a mota a kai wani tafki mai nisa. In tafkin yana da kifi, an kai musu kalaci ne kawai. In ba shi da kifi, ana iya kai masa cuta. Akwai wata cutar fata da wani nau'in naman gwari ke haddasawa, wanda sai a 1999 aka ba shi suna, kuma wani babban nazari na 2019 ya ɗora masa alhakin raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana kyautata zaton sun ƙare ƙaƙaf. Ƙiyasin duniya na 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na wannan dangi suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye, fiye da dabbobi masu shayarwa.

Sai dai kada tausayin kwaɗo ya sa a manta da sauro. Ruwan da ya yi wa kwaɗo daɗi ya yi wa sauro, kuma maganar da ake yaɗawa cewa 'ya'yan kwaɗi suna cinye tsutsar sauro ba ta da ƙarfi, don yawancinsu gansakuka suke ci. A 2007, da rikicin bashin gidaje ya fara korar mutane daga gidajensu, kwamaye masu yawa a birnin Bakersfield na California suka zama ba mai kula da su, suka yi kore. A shekarar mutum fiye da ɗari suka kamu da zazzaɓin West Nile a yankin, kuma masu bincike suka alaƙanta abin da waɗannan yasassun kwamaye. Jiran mako uku da ido a kan ruwa daban, watsar da shi shekara guda daban. Ba kuma kowane baƙo ne abin lallashi ba. A Florida, kwaɗon da ya fi zuba ƙwai a irin waɗannan wurare sau da yawa ɗan asalin Kuba ne, wanda ke haɗiye kwaɗin ƙasar, kuma masana a can ba sa ba da shawarar a rene shi.

Kwamin bayan gida ɗan lungu ne kawai na hidimar da ke tashi a ƙasashen sanyi daga Maris zuwa Mayu. Kafin kwaɗon bishiya ya sauko, akwai wanda ya riga shi. Kwaɗon kurmi yana yin sanyin hunturu ne ƙarƙashin busasshen ganye, a daskare. Ruwan jikinsa fiye da rabi ya zama ƙanƙara, zuciya ta tsaya, numfashi ya ɗauke. Hantarsa ce ke tura sukari mai yawa cikin jini tun sanyi na fara kama shi, sukarin ya hana ƙwayoyin jikinsa lalacewa. Kenneth Storey na Jami'ar Carleton a Kanada ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan. Da ƙasa ta saki, sai zuciyar ta ci gaba da bugawa, ya miƙe ya nufi ruwa. Bayansa sai wani ɗan tsurut mai alamar gicciye a baya, tsawonsa kimanin santimita uku, amma in dubbansu suka haɗa murya ana jin su daga nisan fiye da kilomita guda. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da kududdufi a daren ruwan farko mai ƙarfi a ƙasar Hausa ya san irin wannan hayaniya. Bambancin shi ne namu fari ne ya ɓoye su ruwa ya tashe su, nasu kuwa sanyi ne ya ɓoye su ɗumi ya tashe su.

A arewa maso gabashin Amurka akwai daren da ake kira Babban Dare. Shi ne daren farko da aka yi ruwan sama bayan ƙasa ta narke, sanyi kuma ya sassauta zuwa digiri huɗu ko biyar. A wannan dare kwaɗi da salamanda, wata halitta mai siffar ƙadangare amma 'yar uwar kwaɗo, sukan fito kusan gaba ɗaya su nufi kududdufin da aka haife su. In titi ya ratsa hanyar, ba sa kaucewa. Mutanen gari sai su fito da tocila da bokiti da riga mai ƙyalli, su tsaya cikin ruwa suna tsallakar da su. A garin Amherst na jihar Massachusetts har ramuka biyu aka gina musu ƙarƙashin titin Henry a 1987. A Ingila ma haka: kusa da birnin Bath akwai titin Charlcombe da ake rufe wa motoci kusan mako shida duk shekara, tsakanin Fabrairu da Maris, saboda kwaɗi. Wani zai ce wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Amma ƙidayar da masu bokitin suka yi ta tarawa ita ce ta ba da damar a gano, a 2016, cewa kwaɗon tudun Birtaniya ya ragu da kashi 68 cikin ɗari a shekara talatin.

Ɗabi'ar rubuta ranar da abu ya faru tsohuwa ce a can. Robert Marsham, wani mai gonaki a Norfolk, ya fara a 1736. Alamomi 27 ya zaɓa na shigowar lokacin ɗumi: ranar da wata bishiya ta fara toho, ranar da tsattsewa ta dawo, ranar da aka fara jin kukan kwaɗi. Ya yi ta rubutawa har ya mutu a 1797, zuri'arsa suka ci gaba har 1958. A Ithaca ta jihar New York, Albert Wright na Jami'ar Cornell ya rubuta ranakun da kwaɗi suka fara kuka a farkon ƙarni na ashirin. Da James Gibbs da Alvin Breisch suka kwatanta ranakun 1900 zuwa 1912 da na 1990 zuwa 1999, sai suka tarar huɗu daga cikin nau'o'i shida sun matso da kukansu gaba da kwana goma zuwa goma sha uku, daidai da yadda ɗumin watannin ya ƙaru. Ranar buɗe kwami tana nan inda al'ada ta ajiye ta, ranar kwaɗo ce ke tafiya, kuma ba don wani ya zauna ya rubuta ba da babu wanda zai iya rantsuwa a kai.

Aikin ba ya buƙatar digiri ko kuɗi. Mai karatu, in damina ta kama bana, daren da ka fara jin kwaɗi a unguwarku ka samu littafi ka rubuta kwanan wata da sunan wurin, ka ƙara da ranar da aka yi ruwan shuka. Baɗi ka sake, ka kuma nuna wa yaran gida inda littafin yake.